Bitar Kotu Kan Ƙin Karɓar Takardu Da Magatakarda Ya Yi A Ostareliya

A Kotun Tarayya ta Ostareliya, ba a ɗaukar ƙara a matsayin wadda ta shiga kotu sai ofishin magatakarda ya karɓi takardunta. Doka ta 2.26 cikin Ƙa'idojin Kotun Tarayya na 2011 ta ba magatakarda ikon ƙin karɓar takarda idan ya gamsu cewa wasa ce da tsarin shari'a, ko ba ta da tushe, ko an kawo ta ne domin musgunawa. Yana yanke wannan shawara ne daga abin da ke rubuce a takardar, ko daga wasu takardun da aka riga aka shigar.

Muhimmiyar tambaya ita ce: wane irin aiki ne magatakarda ya yi? Cikakken zaman kotun, wato ayarin alƙalai masu sauraron ɗaukaka ƙara, ya yanke a 2010 kan tsohuwar ƙa'ida makamanciyar wannan, ya kuma jaddada a 2018, cewa aikin gudanarwa ne, ba hukuncin shari'a ba, domin magatakarda bai warware haƙƙin kowa ba, ƙofar kotu kawai yake tsarewa. Saboda haka wanda aka mayar wa takardunsa ba zai bi sashe na 35A(5) na Dokar Kotun Tarayya ta 1976 ba, wanda a ƙarƙashinsa alƙali ke sake sauraron batu tun daga farko. Hanyarsa ita ce dokar 1977 ta bitar matakan hukumomi, kuma galibi cikin kwana 28 zai shigar da buƙatarsa.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Alƙalin da ke bita ba ya auna ko mai ƙara yana da gaskiya a asalin rigimarsa. Abin da yake dubawa shi ne ko magatakarda ya kuskure doka, ko ya dogara da abin da bai shafi batun ba, ko ya yi watsi da abin da wajibi ne ya lura da shi. Da yawa daga masu wannan buƙata ba su da lauya, sai su ɓata lokacinsu wajen maimaita kukansu na farko, shi ya sa nasara take wuya. Idan an samu kuskure, kotu na iya soke matakin ta mayar da batun ga magatakarda ya sake dubawa bisa doka.