Gyaran Salon Wasa a Badminton

Gyaran salon wasa a badminton shi ne ƙoƙarin da ɗan wasa ke yi don ya sauya yadda yake riƙe raket, yadda yake taka ƙafa da yadda yake bugun ƙwallo, bayan jikinsa ya riga ya saba da hanyar da ba ita ba. Batun ya fi shafar masu buga wasan don nishaɗi, waɗanda suka koya a fili cikin abokai ba a hannun koci ba.

Badminton wasa ne mai saurin karɓar baƙo. Ƙwallonsa gashin tsuntsu 16 ne da aka kafa a ɗan dunƙulen gindi, nauyinsa bai wuce giram 4.74 zuwa 5.50 ba, raket kuma yawanci bai kai giram 100 ba. Saboda wannan rashin nauyi, ko ta yaya sabon shiga ya kai bugu, ƙwallon zai tsallake raga. Abin da ya yi aiki ranar farko shi jiki ke riƙewa. Sai bayan shekara biyu ko uku mutum ya lura ya tsaya cik, waɗanda suka zo bayansa suna wuce shi.

Riƙon raket

Yawancin matsaloli daga nan suke farawa. Sabon ɗan wasa kan damƙi raket kamar mai riƙe da mafici, fuskar raket na kallon raga kai tsaye. Riƙon yana da daɗi idan ƙwallo na gaban fuska, amma yana kulle hannu: ba ya barin sangalin hannu, wato daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ya murɗa, alhali a wannan murɗawar ƙarfin bugun sama yake. Riƙon da masu horarwa ke koyarwa shi ne na musafaha. A tsayar da raket a kan gefensa, a kama mariƙin kamar ana gaisawa da shi, babban yatsa da manuniya su buɗe kamar harafin V. A bugun bayan hannu kusa da raga, babban yatsa ne ke kwanciya a faffaɗan gefen mariƙin yana turawa.

Abu na biyu shi ne matsewa. Wanda ya damƙe raket tun daga farkon wasa har ƙarshe ba zai iya sauya riƙo tsakanin bugu da bugu ba, kuma irin wannan damƙa na cikin abubuwan da ke jawo ciwon gwiwar hannu. Yatsu a sake suke zama, sai daidai lokacin da raket zai taɓa ƙwallo su matse.

Bugun sama

Tsawon filin mita 13.4 ne. Ɗan wasan da ke tsaye a layin baya, idan ya kasa aika ƙwallo sama har zuwa layin bayan abokin karawarsa, to matsalar ba ta ƙarfin damtse ba ce. Yara ƙanana da suka sami horo suna yin wannan bugu ba tare da wani nishi ba. Abin da ke hanawa sananne ne: tsayawa ƙirji na fuskantar raga maimakon a juya kafaɗa, barin gwiwar hannu a ƙasa, da jiran ƙwallo ya sauko daidai kunne ko ma ya wuce bayan kai. Bugun daidai kamannin jifa ne. Jiki na juyawa gefe, hannun da ba ya riƙe da raket na ɗagawa wajen ƙwallon, ƙugu ya fara juyawa, kafaɗa ta bi, gwiwar hannu ta wuce gaba, sannan raket ya tarar da ƙwallon can sama, ɗan gaba kaɗan da jiki.

Masu wasan nishaɗi da yawa simash, wato bugu mai ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, ne ke ɗauke musu hankali, kuma ba abin mamaki ba ne: a 2023 ɗan wasan Indiya Satwiksairaj Rankireddy ya kafa tarihi da bugun da ya kai gudun kilomita 565 a awa. Sai dai gashin ƙwallon na sa iska ta rage masa gudu da sauri ƙwarai, don haka simash daga can baya, a kan ƙafar da ba ta daidaita ba, kyauta ce ga abokin karawa. Bugun nesa mai tsayi ya fi shi amfani sau da yawa, domin yana ba mai shi lokacin komawa wurinsa.

Ƙafa

A nan ne gyara ya fi biya, a nan ne kuma aka fi ƙin yin sa. Wanda ya buga ƙwallo ya tsaya yana kallon inda zai faɗa ya riga ya makara. Ana komawa wajen tsakiya nan take, sannan a yi ɗan tsallen shiri, ƙafafu a ware, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, daidai lokacin da abokin karawa zai buga. Wannan ɗan tsalle, da wuya ma ƙafa ta bar ƙasa sosai, shi ke ba jiki damar zabura kowane ɓangare. Wajen tarar ƙwallo a gaba, ƙafar ɓangaren raket ce ke yin dogon taku, diddige ya fara sauka, yatsun ƙafa da gwiwa su kalli inda aka nufa. Saukar da ƙafa a karkace na cikin hanyoyin gurɗewar idon sawu, haka ma takalmin gudu mai tudun tafi, wanda ba a yi shi don zabura gefe ba.

Sabis

Tun 2006 da aka koma tsarin maki 21, inda kowace musayar bugu ke ba da maki, kuskuren sabis, wato bugun farko da ke buɗe musayar, maki ne kai tsaye ga ɗaya ɓangaren. A 2018 hukumar badminton ta duniya, BWF, ta shigo da dokar cewa ƙwallon gaba ɗayansa ya kasance ƙasa da mita 1.15 daga ƙasa lokacin da aka buge shi. A wasan bibbiyu, gajeren sabis ya kamata ya shafi saman raga, wadda tsayinta a tsakiya mita 1.524 ne, ya sauka daf da layin da ke mita 1.98 daga ragar. Idan ya yi sama ko da taƙi ɗaya, mai karɓa zai danne shi.

Yadda ake raba jiki da tsohon sabo

Ba a gyara salo a cikin wasan neman nasara. Ɗan wasa zai kwashe minti ashirin yana atisaye da sabon riƙo, amma da zarar maki ya kai 19 da 19, numfashi na sama-sama, sai ya duba hannunsa ya ga mariƙin ya juya ya koma inda ya saba, bai ma san lokacin ba. Gajiya da matsi su ke dawo da tsohon hali. Shi ya sa ake ɗaukar matsala ɗaya tak, a yi ta a hankali ba ƙwallo, sannan wani ya riƙa jefo ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya zuwa wuri guda, sai daga baya a shigar da ita wasa. Ga ƙafa akwai atisayen kusurwa shida: biyu a gaba, biyu a gefe, biyu a baya, ana zuwa ana komowa tsakiya da raket a hannu. Bango ma abokin atisaye ne mai kyau wajen saba wa yatsu sauya riƙo.

Hoton bidiyo na waya, idan an ɗauka daga bayan fili, yana nuna abin da baki ya kasa gamsar da mutum a kai. Da yawa sun yi imani gwiwar hannunsu na sama har sai sun gani da idonsu. A makonnin farko wasa kan lalace, ƙwallo ya riƙa bugun ƙarfen raket, mutum ya sha kashi a hannun waɗanda ya saba cinyewa, kuma a wannan gaɓa ce akasari ake watsar da gyaran.

Kayan wasa na iya ƙara wahalar. Ƙwararru kan ɗaure zaren raket da tauri har wajen fam 30 a ma'aunin taurin zare, amma zare mai tauri yana rage faɗin wurin da bugu ke fita da kyau, yana kuma mayar da girgiza cikin hannu. Ga wanda ke tsakiyar gyara, ɗaurin fam 20 zuwa 24 ya fi yafe kuskure.