Barkwancin da ake yi wa likitocin ƙashi

A cikin asibiti kowane ɓangare na likitoci yana da irin tsiyar da ake yi masa, amma da wuya a samu wanda ya sha tsokana kamar likitan ƙashi. Hoton da abokan aikinsa suka zana masa kusan ɗaya ne a Ingila da Amurka da Ostireliya da sauran ƙasashen da ake koyar da likitanci da Turanci: ƙaton namiji mai faffaɗan ƙirji, tsohon ɗan wasan motsa jiki, hannunsa riƙe da guduma, ba ruwansa da zuciya ko ƙoda ko huhu, shi dai a nuna masa inda ƙashi ya karye ya gyara ya wuce. Kafinta ake ce masa, wani lokacin makaniki. Abin da ya sa barkwancin ya daɗe bai mutu ba shi ne su kansu likitocin ƙashin sun rungume shi, su ne ma kan gaba wajen bayar da shi, kuma yawancin masu yi musu dariyar in ƙafarsu ta karye wajensu za su garzaya.

Yadda tsokanar take

Akwai wasu 'yan labarai da ɗalibin likita zai ji tun kafin ya gama makaranta. Ana tambaya wai ta yaya za ka ɓoye wa likitan ƙashi kuɗi, sai a ce ka saka su cikin littafi, ko cikin fayil ɗin majinyaci, don ba zai taɓa buɗewa ba. Ana cewa in ƙofar lifta za ta rufe, likitan cututtukan ciki hannu yake sawa ya tare ta tunda da kai yake aiki, shi kuwa likitan ƙashi kansa yake cusawa don hannun ne jarinsa. Ana kuma cewa in kana so ka ga makafi biyu suna jan juna to ka miƙa wa likitocin ƙashi biyu takardar gwajin bugun zuciya. Wanda ya fi yawo a Amurka shi ne wai a wajen likitan ƙashi zuciya ba komai ba ce illa famfo da aka halitta don ya tura Ancef zuwa ƙashi. Ancef ɗin nan sunan kasuwa ne na sefazolin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa majinyaci allurarsa dab da za a fara tiyata, kuma gaskiya ne kusan kullum shi suke rubutawa, saboda ƙwayar cutar da ta fi yi wa ƙashi da ƙarfen da aka saka barazana daga fatar mutum take fitowa kuma maganin yana kama ta.

A Ingila kuma akwai tsohuwar maganar da ake cewa likitan ƙashi ƙarfinsa irin na bijimi ne, basirarsa kuwa ta kusa ninka ta bijimin sau biyu. Yabo ne a fuska, zagi ne a ciki.

Babban abokin wasansu shi ne likitan da ke sa majinyaci barci a ɗakin tiyata. Dalili a fili yake, tare suke wuni, labule ɗaya ne kawai tsakaninsu, wannan yana so a shigo da majinyaci yanzu-yanzu a yi aiki, wancan yana cewa dakata jininsa ya hau, sukarinsa bai daidaita ba, ya ci abinci ɗazu. Wasan ya yi kama da na Fulani da Barebari, a zage juna tas a gaban jama'a amma ba mai riƙewa a rai, kuma kowa ya san ba zai iya aiki ba sai da ɗan'uwansa. Wajen shekarar 2010 wani ɗan bidiyon zanen kwamfuta ya zagaye asibitocin duniya ta YouTube, likitan ƙashi yana ta nanata wa mai sa barci cewa akwai karaya kuma dole ya gyara ta, ana ta jan magana sai can ta bayyana ashe zuciyar majinyaciyar ma ta tsaya, shi kuwa ko a jikinsa, har yana nuna ai hakan ya sa ba za a zubar da jini da yawa ba. Daga baya Will Flanary, wani likitan ido a jihar Oregon da aka fi sani da Dr. Glaucomflecken, ya farfaɗo da abin a TikTok, inda yake kwaikwayon likitan ƙashi a matsayin saurayi mai fara'a, mai son ɗaga ƙarfe, mai kirki sosai amma da an ambaci sinadarin jini sai idonsa ya raina fata. Likitocin ƙashi da yawa sun ji daɗin wannan sigar fiye da tsofaffin, don ta nuna su mutanen kirki ne.

Da aka gwada maganar

Mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila tana da al'ada, duk ƙarshen shekara lokacin Kirsimeti takan fitar da bincike na gaske amma a kan tambayoyin ban dariya. A 1988 an buga wata takarda da ke tambaya ko likitocin ƙashi gwaggon biri ne, inda aka duba girman safar hannun da suke sawa a tiyata aka kwatanta da ta sauran likitocin fiɗa. Amma wanda kowa ke tunawa shi ne na 2011, wanda wani likita mai suna Subramanian da abokan aikinsa suka yi a asibitoci uku na Ingila. Suka ɗauki likitocin ƙashi 36 da masu sa barci 40, duka maza, suka auna ƙarfin damƙar hannunsu sannan suka ba su gwajin basira. A ƙarfin hannu likitocin ƙashi suka samu kilo 47.25 a matsakaici, masu sa barci 43.83, wannan dai ba wanda ya yi mamaki. A gwajin basira kuma likitocin ƙashi suka ci 105.19, abokan wasan nasu 98.38. To fa. Mutum 76 ba wani adadi ba ne da za a gina hukunci a kai, kuma cikin masu binciken akwai likitocin ƙashi, don haka masu sa barci suka yi ta ƙorafi cikin raha cewa alƙalin wasa ɗan gida ne. Duk da haka tun daga ranar duk likitan ƙashin da aka tsokana yana da takardar da zai zaro.

Ko ba wannan binciken ma, maganar rashin kai ba ta tsayawa in aka duba yadda ake shiga fannin. A Amurka horon ƙashi shekara 5 ne bayan an gama makarantar likita, yana cikin waɗanda suka fi wahalar samu, kuma waɗanda ake ɗauka suna cikin masu makin jarrabawa mafi yawa a ajinsu. Shi ya sa wasu ke cewa ai fannin yana kwasar ɗaliban da suka fi kowa haddar magani ne sannan ya ba su izinin mantawa. Albashin ma yana sama, rahoton da shafin likitoci na Medscape ke fitarwa duk shekara ya sha sanya su a sahun farko da sama da dala dubu 500 a shekara, kuma ni a ganina wani kaso na tsokanar daga nan yake tasowa, akwai ɗan ƙyashi a ciki.

Inda hoton ya samo asali

Ba daga sama aka ƙirƙiro shi ba. Duk wanda ya leƙa ɗakin da ake canja wa mutum ƙugu ko gwiwa zai ga kayan aikin da ya saba gani a shagon kafinta, guduma da zarto da kurfi da injin huda da sukurori da faranti na ƙarfe, ga ƙara har waje ana ji, ga likita sanye da rigar dalma mai nauyi saboda hoton ƙashi da ake ɗauka ana cikin aiki, yana jan ƙafar ƙaton mutum don ƙashi ya koma mazauninsa. Aikin ƙarfi ne na gaske, kuma da yawansu suna ƙarewa da ciwon baya da wuya da kafaɗa, wasu har jinsu yana raguwa.

Tarihin ma ya taimaka. Wanda ya raɗa wa fannin suna, Nicolas Andry na birnin Faris, littafin da ya rubuta a 1741 a kan miƙar da gaɓoɓin yara ne, kuma hoton karkatacciyar bishiya ɗaure da turke da ke cikinsa shi ne tambarin ƙungiyoyin likitocin ƙashi har yau. Amma gyaran karaya shi ya daɗe a hannun masu ɗorin gargajiya, waɗanda likitocin Turai masu digiri ke yi wa kallon jahilai. Hugh Owen Thomas na Libaful, wanda ya rasu a 1891 kuma ake ɗauka a matsayin uban fannin a Birtaniya, ɗan gidan masu ɗori ne daga Wales, gadon gidansu ne ya haɗa da karatun likita. Ƙarfen ɗaure cinya da ya ƙera shi ne Robert Jones, ɗan ɗan'uwan matarsa da ya taso a hannunsa, ya yaɗa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai mutuwar sojojin da harsashi ya fasa wa ƙashin cinya ta sauko daga kusan 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20.

Masu basira irin ta maƙera su suka ci gaba da tura fannin gaba. Antonius Mathijsen, likitan soja ɗan Holan, ya fito da bandejin filasta mai daskarewa a 1851, wanda a wajenmu ake ce wa siminti. Gerhard Küntscher a Jamus ya fara zura doguwar ƙusa cikin ɓargon ƙashin cinya a 1939, da farko takwarorinsa suka ɗauka hauka ne. Gavriil Ilizarov yana can Kurgan a Saberiya ya gano in ka yanke ƙashi kana jansa milimita ɗaya kullum da zobban ƙarfe da wayoyi, sabon ƙashi zai tsiro ya cike gurbin, kuma sai da ya warkar da Valeriy Brumel, zakaran tsallen sama na Tarayyar Sobiyet, a 1968 sannan Mosko ta kula shi. John Charnley kuma a asibitin Wrightington na Ingila ya kammala ƙugun roba da ƙarfe a 1962, bayan robar farko da ya gwada ta lalace a jikin ɗaruruwan majinyata ya koma ya sake lissafi. A 2007 mujallar Lancet ta kira canjin ƙugu tiyatar ƙarni. Waɗannan dai su ne kafintocin.

Gaskiyar da ke cikin wasan, da illarsa

Zargin cewa suna tura duk abin da ba ƙashi ba wajen wasu yana da tushe. Tsohuwar da ta faɗi ta karya ƙugu yawanci tana da ciwon zuciya ko sukari ko ruɗewar tsufa, kuma abin da ke kashe irin waɗannan majinyata ba karayar ba ce, ciwon huhu ne da daskarewar jini da doguwar kwanciya. Daga nan aka samu tsarin da likitan tsofaffi da likitan ƙashi ke duba majinyaci tare, wanda Michael Devas da Bobby Irvine suka fara a garin Hastings na Ingila, yanzu kuma a can ƙa'ida ce a yi wa mai karayar ƙugu tiyata cikin awa 36. Wato gaggawar nan da ake yi musu dariya a kai sau da yawa ita ce daidai, in aka gyara da wuri tsohuwa ta miƙe da wuri ta fi tsira. Haka in tsoka ta kumbura bayan karaya ta toshe hanyar jini, awoyi kaɗan ne tsakanin ceto ƙafa da rasa ta, kuma likitan ƙashi ne ake tasa da tsakar dare.

Illar da ta fi fitowa fili a kan mata take. Ruth Jackson ta zama mace ta farko da hukumar fannin ta tantance a Amurka a 1937, amma bayan shekara sama da 80 mata ba su wuce kusan 6 cikin 100 na likitocin ƙashi masu aiki a ƙasar ba, mafi ƙaranci a duk fannonin likitanci. Ɗaliba tana jin ana cewa aikin na ƙarti ne tun tana aji uku sai ta kama wata hanya, alhali matan da ke ciki suna ta faɗa cewa dabara da iya tsayuwa ne ke mayar da ƙugun da ya goce, ba dantse ba. Kuma fannin ba duka guduma ba ne, mai tiyatar hannu yana ɗinke jijiya ƙarƙashin madubin ƙara girma da zaren da ya fi gashi siranta, mai gyaran ƙafar jariri da ta lanƙwashe da hanyar Ponseti kuwa da yatsu da filasta yake aikinsa.

A Najeriya

Ɗaliban likita a Najeriya su ma suna ce musu kafintoci, tunda tsarin karatun daga Ingila aka gado shi. Amma a wajen jama'ar gari hoton da ya fi ƙarfi daban ne kuma ba na dariya ba ne, wato tsoron cewa in ka je asibitin ƙashi yanke ƙafa za a yi. Manyan asibitocin ƙashi na tarayya da aka daɗe da sani su ne na Igbobi a Legas da na Inugu da na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959, kuma likitocinsu sun sha bayyana yadda abin ke faruwa: mai karaya, sau da yawa ɗan acaɓa ko yaron da ya faɗo daga bishiya, sai a fara kai shi wajen mai ɗori, in aka ɗaure karan da ƙarfi jini ya daina gudu gaɓar ta ruɓe, sai a kawo asibiti lokacin da ba sauran abin yi sai yankewa, labari kuma ya koma ƙauye cewa likita ya yanke ƙafa. Masu ɗori da yawa suna warkar da karaya mai sauƙi, sun fi araha kuma suna kusa da mutane, shi ya sa wasu likitocin ƙashi a ƙasar suka koma ga horar da su yadda za su gane karayar da ta fi ƙarfinsu, irin mai buɗaɗɗen rauni ko ta kusa da gaɓa, su tura ta asibiti tun ranar farko.