Awon ciki a tsakanin matan Somaliya mazauna ƙasashen Turawa

Awon ciki a wajen matan Somaliya da suka yi hijira zuwa Amurka da Turai fanni ne da aka daɗe ana bincike a kai, don a nan ne aka fi ganin yadda likita da mai juna biyu za su zauna ɗaki ɗaya kowa na nufin alheri amma a tashi ba wanda ya fahimci wani.

Asali

Bayan faɗuwar gwamnatin Siyad Bare a 1991 yaƙin basasa ya watsa jama'a, wasu suka shekara da shekaru a sansanin Dadab na Kenya kafin a kwashe su. Tun wajejen farkon shekarun 1990 suka fara sauka a jihar Minisota, musamman birnin Miniyapolis, inda yanzu nan ne Somaliyawa suka fi yawa a duk Amurka, wasu kuma suka nufi Suwidin da Norwe da Ingila. Matan nan sun fito ne daga inda haihuwa harkar mata ce zalla, ungozoma da uwa da gwaggo ne ke tsaye a kan mai haihuwa, asibiti kuwa sai abu ya ɓaci ake zuwa, to kuma da yawa da aka kai a makare aka yi musu aiki ba su tashi ba. Wannan tsoron suka ƙetaro da shi, kuma gaskiya ba tsoron banza ba ne.

Tsoron aiki

Binciken da wata likitar mata mai suna Birgitta Essén ta yi a Suwidin a 2000 ya nuna wasu matan har rage cin abinci suke da gangan, wai kada ɗan ya yi girma a ce sai an ciro shi ta tiyata. Haka in an wuce ranar da aka ƙiyasta aka ce za a sa ruwan naƙuda, da yawa sukan ce a bari, lokacin haihuwa na Allah ne, likita kuma sai ya rubuta ta ƙi magani alhali ba a zauna an yi mata bayani da harshenta ba.

Tafinta

A Amurka dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ce madogarar samar da tafinta a asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Amma sau da yawa miji ko ɗa ake sawa ya fassara, ina macen da za ta iya faɗin zubar jini ko ciwon gaba a gaban ɗanta? Ga neman likita mace, ga azumi, ga shakkar ƙwayoyin ƙarin jini saboda gudun sinadarin alade a ɓawonsu.

Kaciya

Mafi yawan matan nan an yi musu kaciya mai ɗinki, wato wadda ake ɗinke gaban mace a bar 'yar ƙofa, tun suna yara, ana buɗe ɗinkin kafin haihuwa ko lokacin naƙuda. Sake ɗinkewa bayan haihuwa haramun ne a dokar Ingila, ana muhawara a kai a wasu wurare.

Halin yanzu

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da awo sau 8 maimakon 4. A Suwidin an gwada awon rukuni, mata su zauna tare da ungozoma da tafinta suna tambaya, aka kira shirin Hooyo, wato uwa da Somaliyanci.