Koyarwa ta Hanyar Wasa da Kwaikwayo

Koyarwa ta hanyar wasa ita ce malami ya zuba darasi cikin wasa mai ƙa'ida, mai manufa, mai ci da faɗuwa, ta yadda ɗalibi ba zai yi nasara ba sai ya yi aiki da abin da ake son ya koya. Kwaikwayo kuwa shi ne a gina ƙaramin samfurin wani abu na zahiri, kamar kasuwa ko kotu ko kewayen lantarki, ɗalibi ya yanke shawara a ciki ya ga sakamakonta ba tare da ya yi asarar gaske ba. Sau da yawa akan haɗa su biyun. Raba maki da taurari a kan darasin da bai sauya ba wani abu ne daban, kuma amfaninsa bai kai nasu ba.

Asali

Friedrich Fröbel ya buɗe makarantar wasan yara a Jamus a 1837, Maria Montessori kuma ta buɗe tata a birnin Rum a 1907. A fannin horo, na'urar koyon tuƙin jirgin sama ta Edwin Link ta fito a 1929. A zamanin kwamfuta, Carl Wieman ya kafa PhET a Jami'ar Colorado a 2002, inda ake samun kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya da lissafi kyauta, Kahoot!, manhajar wasan tambaya da amsa a aji, kuma ta fito daga Norway a 2013.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. A dara, kowane ɗan wasa na da 'ya'ya 12, yana neman jera uku don ya ci na abokin karawarsa, kuma ba ya cin nasara sai ya hango motsi biyu ko uku a gaba. A bikin kalankuwa samari kan naɗa gwamna da alƙali da 'yan sanda a tsakaninsu, su kwaikwayi mulki.

Misali: kasuwar tumatir a aji

A makarantun Agege da Idi-Araba da Mile 12 da ke Legas, yara da yawa 'ya'yan 'yan kasuwa ne, sun san dillali da la'ada tun kafin su ga kalmar riba a littafi. Don haka kwaikwayon kasuwa ya dace da darasin riba da faɗuwa a ƙaramar sakandare. Kayan aiki ba su da tsada: marafan kwalba a matsayin kwanduna, kuɗin takarda da aka yanka daga kwali, da takardar lissafi guda ga kowane rukuni.

Aji mai ɗalibai 48 sai a kasa shi rukuni takwas na mutum shida-shida: uku masu kawo kaya daga Arewa, ɗaya na dillalai, huɗu masu sari. Kowane rukunin masu kaya a ba shi marfi 10. A rubuta farashin wasan a allo, misali sayen kwando naira 20,000, kuɗin mota 5,000, la'ada 1,000, wato jarin rukuni 260,000 ke nan. Ƙa'idar da ke ba wasan rai ita ce ruɓewa: a ƙarshen kowane zagaye malami zai ɗauke marfi ɗaya cikin kowane biyar da suka yi kwantai. Rukunin da ya rasa kwando biyu kafin ya sayar da ko ɗaya zai gano da kansa cewa sai ya sayar da kowane kwando a 32,500 kafin uwar kuɗi ta dawo, ba 26,000 da ya lissafa da farko ba. A nan za ka ga yaron da ba ya ɗaga hannu a aji ya fizgi biro yana rabawa da takwas, yana cewa abokinsa, "Kai, mu sallama kafin ya ƙara ruɓewa."

A darasi mai minti 40, minti 5 na bayanin ƙa'ida ne, 20 na zagaye huɗu, 12 na bita, 3 na tattara kaya.

Bita

Wannan ne jigon aikin, kuma shi aka fi yi wa ƙwauro. Wasa yana ba ɗalibi abin da ya gani, amma bita ce ke mayar da shi ilimin da zai iya rubutawa a jarrabawa. Malami ya fara da me ya faru, kowane rukuni ya karanta jarinsa da cinikinsa. Sai me ya jawo haka. Daga nan a sa wa abin sunansa na littafi, a rubuta dabarar fitar da riba cikin ɗari a allo da alƙaluman yaran kansu. A rufe da tambaya ɗaya kan wani kaya daban, kamar albasa ko doya, kowa ya amsa shi kaɗai. In lokaci ya ƙure, gara a soke zagaye ɗaya da a taɓa mintunan bita.

Inda ake samun matsala

Ƙa'idoji in sun wuce huɗu ko biyar, lokaci yakan ƙare wajen bayani. Hayaniya kan taso ne idan wasu ba su da aikin yi, shi ya sa kowane ɗan rukuni zai riƙe matsayi, kamar mai ajiyar kuɗi, magatakarda, mai ciniki, mai duba lissafi. A riƙa juya matsayin kowane zagaye, in ba haka ba masu baki su mamaye, masu kunya su zama 'yan kallo.

Harshe ma abin lura ne a Legas, inda aji ɗaya kan haɗa Hausa da Yarabanci da Turancin buroka. A bar yara su yi cinikinsu da harshen da ya fi musu sauƙi, amma takardar lissafi da bita su kasance da harshen jarrabawa.

Akwai kuma damuwar iyaye. Wasan da ya dogara da sa'a, ko aka sa kuɗin gaske a ciki, yakan yi kama da caca a idonsu, kuma suna da hujja. A gina nasara a kan shawarar ɗalibi, kada kuɗin gaske ya shiga ko na naira goma, a kuma sanar da shugaban makaranta da iyaye manufar wasan tun kafin a fara.

Kwaikwayon kwamfuta nasa cikas ɗin wuta ne da data. Ana iya sauke na PhET tun da wuri a yi aiki da su ba intanet. In na'ura ɗaya ce tak, ɗalibai su rubuta hasashensu a takarda tukuna, misali ko hasken ƙwan fitila zai ƙaru in an ƙara batir, sannan ɗaya daga cikinsu ya fito ya gwada a gaban aji.