Jan mahaɗi ba laifi ba ne a Wikipedia

Wata magana ce ke yawo tsakanin sababbin masu rubutu a Wikipedia ta Hausa, wai duk wanda ya bar jan mahaɗi (mahaɗi shi ne kalmar da ake latsawa ta kai mutum wani shafi) a muƙalarsa za a toshe masa asusu. Tsoron haka ya sa wasu ke ɗaure duk kalmar da ba ta da shafi a Hausa da shafin Turanci, don dai ta yi shuɗi. Babu dokar da ta ce haka. Hasali ma dabarar da suke yi don kauce wa laifi ita ce ɓarnar.

Mahaɗi yana yin ja ne idan ba a riga an rubuta shafin da yake nunawa ba. MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta, tana tara irin waɗannan sunaye a jerin shafukan da ake nema, kuma ranar da wani ya rubuta shafin, duk mahaɗan sai su koma shuɗi da kansu. Wanda aka karkatar zuwa Turanci kuwa yana nan har sai wani ya gyara shi, ko da an rubuta na Hausar daga baya. Ka ɗauki mai karatu a Maraɗi ko Damagaram, wanda bokonsa na Faransanci ne. Yana tsakiyar karanta tarihin Katsina da harshensa, ya latsa kalma ɗaya, sai ya tsinci kansa a shafin da ba ya gane ko layi guda. An cuce shi, an kuma ɓoye wa marubuta giɓin da ya kamata su cike.

Ƙa'idar barin mahaɗi ja maimakon karkatar da shi zuwa Turanci ta hau kan kowa: mai asusu, marar asusu, da manhajojin gyara masu aiki da kansu.

Inda aka fi rikicewa shi ne haɗa muƙala da takwarorinta na sauran harsuna. A da, da hannu ake jera su a ƙasan kowane shafi, harshe bayan harshe. Tun watan Maris na 2013 wannan aiki ya koma Wikidata, rumbun bayanan da Wikipedia ta kowane harshe ke amfani da shi, inda kowane batu ke da lambarsa: Najeriya Q1033, Nijar Q1032. Sharaɗin shi ne lamba ɗaya, shafi ɗaya daga kowane harshe. Birnin Kano da Jihar Kano batutuwa biyu ne, kowanne da lambarsa. Idan ka cakuɗa su a muƙala guda, dole ka zaɓi inda za ka jingina ta. Idan kuma ka je haɗawa aka nuna maka wani shafin Hausa ya riga ya kama wurin, ba korarka aka yi ba. Galibi alama ce cewa an rubuta abu ɗaya sau biyu da sunaye daban, sai a haɗe su.

Mu Hausawa muna da wata matsalar ta daban. A wajen kwamfuta K da Ƙ ba dangin juna ba ne, haka D da Ɗ. Wani ya rubuta Kofar Mata, kai ka rubuta Ƙofar Mata, sai mahaɗinka ya yi ja alhali shafin na nan. Ka fara bincikawa kafin ka buɗe sabo, sannan ka yi shafin turawa daga wannan rubutun zuwa wancan.

To, ina hukuncin? A tsarin Wikipedia ana toshe asusu ne don tsayar da ɓarna mai ci gaba, ba don horo ba. Kuskuren mahaɗi gyara shi ake yi a wuce. Abin da ke jawo toshewa shi ne cusa adireshin kasuwancinka a muƙaloli bayan an yi maka gargaɗi, ko ja-in-ja: a cire, ka mayar, a cire, ka mayar. A Wikipedia ta Turanci, wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 yakan sha toshewar kwana guda a karon farko. Kowane harshe jama'arsa ke tsara nasa dokokin, don haka kada a ɗauko kowace dokar Turanci a tsorata mutane da ita.

A ganina ƙa'idar ta yi adalci ga mai karatu, kuma shi ne ya fi cancanta a duba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda wasu tsofaffin hannu ke cire mahaɗin sabon shiga ba tare da rubuta dalili ba. Akwatin taƙaita gyara yana nan kafin a wallafa, layi ɗaya ya isa: "Na mayar da shi ja ne domin a rubuta na Hausa." Mutumin da ya sayi data da kuɗinsa ya zauna yana mana fassara kyauta ya cancanci wannan layin.