Waiwaye: Yadda "sama" ɗaya ta rabu gida uku a manet ɗin wasa

Mai koyon rubuta wasa a Yamai zai gwada aikinsa da manet ɗin Xbox, wato abin riƙewa a hannu ana sarrafa wasa, komai lafiya lau. Ya jona wata mai araha ta Babbar Kasuwa, ya danna sama, ɗan wasan ko gezau. Sau da yawa ba lalacewa ta yi ba. Nata yaren ne daban, kuma kowane yare da asalinsa.

Sandar Atari 2600 ta 1977 maɓallai huɗu ne a ƙarƙashinta, ko a danne ko a sake. Gicciyen nan mai fuskoki huɗu da ake dannawa da babban yatsa, wanda Gunpei Yokoi na Nintendo ya fito da shi a 1982 ma haka yake. IBM kuwa tun 1981 ta bi wata hanya. Ramin wasanta mai fil 15 ba ya aiko lamba. Sanda tana rage ko ƙara ƙarfin wutar da ke wucewa, manhaja ta rubuta a adireshin 0x201, ta yi ta ƙirga har alamar ta sauka. Ƙirgar nan ita ce matsayin sanda, kuma tana canzawa da saurin kwamfuta, shi ya sa tsofaffin wasanni ke sa mutum ya kai sanda kusurwa-kusurwa kafin a fara.

Bayan zuwan USB a 1996, ƙa'idar HID, wadda na'urori irin su manet ke bi su yi magana da kwamfuta, ta tabbatar da yare na uku, wanda ake kira hat: lamba ɗaya tak, 0 sama, 2 dama, 4 ƙasa, 6 hagu, marasa cika kuma kusurwoyi. Tsakiya wata lamba ce a wajen zangon, galibi 8 ko 15. Wasu kamfanoni daga 1 suke farawa zuwa 8. DirectInput, hanyar da Windows ke miƙa wa wasa bayanan manet, yana ba da 0, 9000, 18000 da 27000 ga waɗannan fuskoki huɗu, kuma tsakiya ana gane ta ne idan ƙananan bit 16 sun zama 0xFFFF. A nan ake yawan faɗuwa: duk wanda ya ɗauki sifili a matsayin "ba a taɓa ba", ya kashe sama da hannunsa.

XInput, sabuwar hanyar Microsoft ta karanta manet, ya zo da Xbox 360 a 2005, ya mai da gicciye maɓallai, sanda kuma daga -32768 zuwa 32767. Sauƙi ne, amma na Windows ne, kuma manet huɗu kawai. A Linux gicciye yakan zo a ABS_HAT0X da ABS_HAT0Y, -1, 0 ko 1, ko ya zo maɓallai, ya danganta da direba, wato manhajar da ke haɗa manet da kwamfuta. Android ma biyun duka yana karɓa, AXIS_HAT_X ko KEYCODE_DPAD_UP. A shafin intanet, maɓallai 12 zuwa 15 ne sama, ƙasa, hagu, dama, muddin burauza ta gane manet ɗin.

Ko a kan lambar sama da ƙasa ba a daidaita ba. A XInput tura sanda sama lamba mai ƙari ce, a SDL (wata manhaja da masu rubuta wasa ke ɗora aikinsu a kai) da intanet mai ragi. Mai juya alamar ya kula: kishiyar -32768 ba ta shiga bit 16, sai ta koma -32768, ɗan wasa ya juya baya daidai lokacin da aka tura sanda iyakarta. A tsayar da ita a -32767 tukuna.

Abin da ya rage ciwon kai shi ne SDL 2.0 a 2013, wanda ke duba lambar shaidar kowace manet a wani jeri, kamar fayil ɗin gamecontrollerdb.txt. Rubutun "dpup:h0.1" a ciki yana nufin sama tana hat na farko, ƙima 1 a lissafin SDL. Manet ɗin da ba ta cikin jerin sai a ƙara mata layi, ko a bar mai wasa ya danna kowace fuska sau ɗaya a adana. A ganinmu wannan hanya ta biyu ta fi kowane jeri amfani a nan, inda yawancin manet ba su da suna.

Saura sandar da ba ta komawa sifili. Ƙurar hunturu da hannun yara a gidajen buga PlayStation suna cinye cikinta, sai ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai. Microsoft ta ba da filin shiru, wato ɗan motsin da ke kusa da tsakiya da ake ƙyalewa, na 7849 ga sandar hagu, 8689 ga ta dama, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 32767 ke nan. Kada a yanke kwance daban, tsaye daban, don tafiya za ta riƙa mannewa a fuskoki huɗu. A auna nisan sanda daga tsakiya, a zubar da abin da bai kai iyakar ba, a shimfiɗa sauran daga 0 zuwa 1. Da gicciye kuwa, sama da dama tare suna ba da saurin 1.41 maimakon 1, sai an raba da wannan 1.41 ɗin.

Wajen zaɓe a menu, iyaka biyu ake sawa: a ɗauka an danna idan sanda ta wuce kamar 0.5, kada a ce an saki sai ta sauko ƙasa da 0.3. Da iyaka ɗaya, tsohuwar sanda mai rawa za ta tsallake layi uku a turawa guda.