Manhajar tabilet ta dawo gaba tana nuna tsohon bayani: tambayoyi da amsoshi

Masu koyon rubuta manhaja daga Samaru har Kongo suna ta turo mini tambayoyi iri ɗaya. Na tattara amsoshin a nan, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Malam, me ya sa in na fita daga manhajar na dawo sai in tarar da bayanin ɗazu?

Don ka zuba komai a cikin onCreate, wato aikin da Android ke kira lokacin da ake ƙirƙirar allon manhajar. Android ba ya sake kiransa don kawai mutum ya leƙa WhatsApp ya dawo. Ka mai da aikin ɗauko bayani zuwa onStart, wanda ake kira duk lokacin da allon ya bayyana.

Ba onResume ba?

Ba kullum ba, don shi ana kiransa ne duk lokacin da allon ya koma hannun mutum. Akwatin neman izinin kyamara ma in ya rufe, onResume zai tashi, ka ƙone wa mutum data a banza. Kuma tun Android 7.0 a 2016 ana raba allo gida biyu, manhajarka na iya zama a fili alhali hannun mutum na kan ɗayar. Abin da ya shafi gani, onStart da onStop (wanda ake kira in allon ya ɓoye) ne wurinsa.

A iPad na sa a viewWillAppear, bai yi ba.

Ba zai yi ba. viewWillAppear aikin iOS ne da ake kira kafin a nuna wani allo a cikin manhaja, amma ba a kiransa idan manhaja ta dawo daga baya. Yi amfani da sceneWillEnterForeground, wanda ya zo da iOS 13 a 2019.

To in sabunta komai duk lokacin da aka dawo?

Nan ne ake kuskure, kuma amsar ba ɗaya ba ce. Ka ɗauki yarinyar da ke tsaron kemis a Sabon Gari. Tana cikin shigar da magungunan da wani dattijo ya saya, sai ta fita ta duba ko kuɗin da ya tura sun shigo. Ta dawo, manhajarka ta goge duk abin da ta rubuta tana juya ɗan da'irar nan, sabis kuma ya yi ƙasa, dattijo na tsaye da sandarsa. Gobe biro da littafi za ta ɗauko, kuma tana da gaskiya. Saboda haka ni dai abin da nake yi: abin da mutum ya rubuta da hannunsa ba na taɓa shi. Abin da ke fitowa daga saba (kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet), kamar farashi da yawan kayan da suka rage, sai in duba yaushe aka ɗauko shi na ƙarshe. In bai jima ba, in bar shi. In ya jima, in bar tsohon a allo, in ɗauko sabon a ɓoye, sannan in sauya layin da ya canza kaɗai. Minti nawa ne ya jima? Ya danganta. Jadawalin darussan makaranta zai iya kwana, amma ragowar kaya a shagon da mutum biyu ke sayarwa a tabilet biyu ba zai jure haka ba. Idan kuma farashi ya canza tana tsakiyar lissafi, gara ka sanar da ita a fili da ka sauya mata lamba ba ta sani ba.

A kwamfutata lafiya lau, a tabilet ɗin mai shago sai allo ya dawo fari fat.

Kwantar da hankalinka, kowa ya sha wannan. Ƙaramin tabilet mai RAM 2GB yakan kashe manhajar da ke baya don ya samu wuri. ViewModel, inda ake riƙe bayanan allo, yana tsira in an juya allo, amma ba ya tsira daga wannan kisan. Ajiye abin da ake rubutawa a SavedStateHandle, wanda ke dawo da shi bayan kisan, mai muhimmanci kuma a Room, ma'ajiyar bayanai ta cikin na'urar. Ka tura manhajar baya, ka kashe ta daga kwamfuta da umarnin adb shell am kill, ka buɗe ka gani. Kuma ka ari irin tabilet ɗin da za a yi aiki da shi ka gwada kafin ka kai wa mutane.

Flutter fa?

A Flutter, tsarin rubuta manhaja ɗaya don Android da iOS, yi amfani da didChangeAppLifecycleState, ka jira resumed, alamar manhaja ta dawo gaba. Sauran duk kamar yadda na faɗa a sama ne.